Kalmar da Na Sa a Bakin Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar zafin nan na Garwa mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ina ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da nake aiki a Figil aka bugo mini waya. Kafin in iso gidansa a unguwar Jambutu har an yi masa wanka an sa shi a likkafani, ana jiran la'asar.

Ban taɓa ganin gidan ya cika kamar ranar ba, kuma kowa da harshen da ya yi kuka da shi. Maƙwabta Fulani suna shigowa suna cewa, "Allah yaafo mo," wato Allah Ya yafe masa. Abokan aikinsa na jami'a sun zo cikin kwat, gumi na zuba, suna ta'aziyya da Faransanci, sun rasa yadda za su naɗe ƙafa a tabarma. Mahautan kasuwa, danginmu, sun rufe tebura sun zo yadda suke, ƙanshin kitse na biye da su. Wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta ce ita kam ta yi rashin mutumin da shi kaɗai ne a garin nan yake cewa a ba shi kindirmon da ya fi tsami. Goggo, autar su Baffa, tana kuka tana faɗa, don ita ba ta iya yin ɗaya ta bar ɗaya.

"Na ce masa ya huta, na ce masa ya huta! Mutum da ciwon zuciya yana hawa babur wai zai je duba ƙwayoyin da ido ma ba ya gani. To ga shi nan, ya tafi ya bar su, suna nan lafiyarsu ƙalau."

Da aka fito da shi ƙofar gida, mu mata muka taru a bayan ƙyauren zaure. Kafin a ta da salla liman ya juyo ya ce, "Jama'a, zaman tare ba ya rasa saɓani. Duk wanda bawan Allahn nan ya ɓata wa, ya yafe masa." Sahu ya amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Ni idona yana kan mutum ɗaya. Baba, mahaifina, yana tsaye a sahun gaba, ya sunkuyar da kai, bakinsa bai motsa ba. Shi ya yi wa yayansa wanka, shi kuma aka ce ya shiga kabari ya kwantar da shi, amma wannan kalma bai faɗe ta ba.

Na san dalili, kuma bayan Baffa ni kaɗai ce na sani. Kalma ɗaya ce ta shiga tsakaninsu shekara bakwai, ni ce kuma na sa ta a bakin Baffa. Ba na so a tuna da shi a matsayin mutumin da boko ya sa ya raina ƙanensa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gidanmu gidan fawa ne kaka da kakanni. Kakanmu ya kai babban ɗansa lakkol, wato makarantar boko, don a sami mai karanta wa gida takardar gwamnati, ya riƙe ƙaramin ya koya masa wuƙa. Babban ya tafi karatu bai tsaya ba sai da ya dawo malamin jami'a, yana koyar da darussa biyu: ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, da ilimin garkuwar jiki. Amma hannun mahauci bai bar shi ba. Ranar babbar salla shi yake wasa wuƙaƙen gidan duka, ya gwada kaifi a gashin hannunsa, ya ce wa Baba, "Ka ga, da an bar ni, da na ƙwace maka kasuwa." Baba ya ce, "Kai da kake kallon nama da madubi, sai rana ta faɗi ba ka sayar da tsoka ɗaya ba."

Na yi sa'a, ko in ce na sha wuya, na zauna a ajinsa. Makon farko ba ya rubuta komai a allo. Yakan raba mana ƙananan farantai masu murfi, cikinsu wani abu kamar daskararren romo, ya ce kowa ya danna yatsunsa a kai. Sai ya tura mu wanke hannu da sabulu mu danna a wani farantin. Bayan kwana biyu ya buɗe mana. Farantin farko ya yi tsiro fari da rawaya kamar tuwon da aka manta a tukunya. 'Yan gayun ajinmu masu ƙamshin turare suka shiga duba hannayensu. Ya ce, "Wannan hannun ne kuka gaisa da ni da shi, na gode. Gani ya kori ji. Yanzu sai mu fara karatu."

Mako na biyu ya shigo da ƙwaryar kindirmo da ƙullin daddawa, aji ya ɗauki wari. Ya ɗiga kindirmon a gilashi ya sa mu leƙa ta madubi, muka ga halittu kamar 'yan sanduna sun cika wurin. Da ya ga mun fara yamutsa fuska sai ya ɗaga ƙwaryar ya kurɓa, ya goge gemu ya ce, "Ba kowane baƙo ne ɓarawo ba. Wani baƙon shi ke dafa maka abinci."

Yana da wata jarrabawa da ɗalibai suke kira jarrabawar kaka. Bayan ka gama amsa da Faransanci, sai ya jingina da kujera ya ce, "To, yanzu ni kakarka ce. Ban je lakkol ba, kuma ina tsoron allura. Faɗa mini da harshen gida, me ya sa zan kai jikana rigakafi?" Ajinmu kuwa kasuwa ce ta harsuna. Akwai mai Fulatanci, akwai ɗan masunta daga Maga, akwai masu Larabcin Shuwa. Wata ƙawata 'yar Kiristocin duwatsu ce, Faransancinta na sarƙewa in ta tsorata. Ranar jarrabawarta ta kasa haɗa magana. Ya ce ta faɗa da harshensu. Ta ce ai ba zai ji ba. Ya ce, "Ba ruwanki, faɗi." Ta yi ta bayani da hannu da ido, shi ko kalma ɗaya ba ya fahimta. Da ta gama ya ce, "Kakar nan ta yarda, gobe za ta kai yaron." Ya ba ta maki mai kyau. Da ɗakin hayarta ya rushe da damina, a ɗakin Inna, matarsa, ta ƙarasa shekarar, kuma kowace Lahadi shi yake tuna mata kada ta makara coci. Yau ita ce ta gaji darussansa.

Garkuwar jiki kuwa da kalma biyu yake buɗe ta: na gida da baƙo. Ya ce duk aikin jiki ke nan, ya gane nasa ya gane wanda ba nasa ba. Mu Hausawan Garwa, da kullum ake tambayarmu asalinmu ko da kakanmu a nan aka binne cibiyarsa, ba mu buƙatar dogon sharhi a kan wannan.

Amma darasin da ya fi ji da shi ba a aji yake yi ba. Kowace shekara yakan kwashi ɗalibai da sassafe zuwa mayanka, abatuwa kamar yadda ake cewa a nan. A can Baba yake jiran su. Ranar yakan sa sabuwar riga ya ɗaura ƙyalle fari a kai. Zai buɗe saniya ya ciro saifa, ya fasa ƙashi ya nuna ɓargo, ya bi wuya da gefen huhu ya zaƙulo kaluluwa, 'yan ƙullutun nan da ke kumbura a hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo. Baffa ya ce su ne masu gadin unguwa, duk baƙon da ya shigo a nan ake tsare shi a yi masa tambayoyi. Ɗalibai suna rubuta sunan Faransanci, ya sa su rubuta na Hausa a gefe. Kafin a fara komai kuma yakan dafa kafaɗar Baba ya ce, "Mon petit frère," wato ƙanena. Baba bai iya Faransanci ba in ban da ƙirge da gaisuwa, amma wannan ya haddace ta. Yana jiran ta kowace shekara, in ta fito sai ka ga ya gyara tsayuwa.

Shekarar da aka zo kan ajinmu, ni na ɓata abin. Ina da shekara ashirin, ina zama da 'ya'yan manyan ma'aikata, kuma na taɓa jin ɗaya daga cikinsu tana cewa ita ko gaisawa da mahauci ba ta yi don ƙarni. Na yi dariya tare da su. Ba wanda ya san Baffa baffana ne, domin a makaranta bai taɓa nuna ya san ni ba, balle su san aikin babana. Ana gobe za a je mayanka, na same shi a ofis bayan la'asar, na rufe ƙofa.

"Baffa, don Allah gobe kada ka ce ƙanenka ne."

Ya cire tabarau. "Don me?"

"Sunan gidanmu ɗaya da kai. In ka faɗa za su haɗa, su gane babana ne."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya ce a hankali, "Kin tabbata, 'yata?"

Na ce na tabbata. Har da hawaye.

"To. Zan yi miki. Amma ki sani, ajiya kika ba ni. Ranar da kika so abinki, ke za ki zo ki ɗauka, ni ba zan kai wa kowa ba."

Da safe muka je. Na laɓe a bayan dogayen ajin, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Baba ya hango ni, ya yi murmushi, ya ɗauka kunya ce irin ta 'ya mace. Baffa bai dafa kafaɗarsa ba. Ya ce a fara kawai. Na ga Baba ya ɗan dakata yana jira, sannan ya sunkuya ya kama aiki.

Saniyar ranar tasa ce, shi ya sayo ta. Ya zo kan kaluluwar gefen huhu, ya sa wuƙa, sai wuƙar ta yi ƙaras, kamar haƙori ya gamu da tsakuwa a shinkafa. Cikin ya fito rawaya-rawaya, yana marmashewa. Ko mu 'yan koyo mun san alamar tarin fuka ce. Baffa ya matso da sauri, ya ɗaga abin sama, ya ce da ƙarfi, "Le boucher l'a vu avant le professeur." Ma'ana, mahauci ya riga malami gani. Ɗalibai suka tafa. Aka kira likitan dabbobi, ya duba ya hana naman, aka ja saniyar gaba ɗaya aka kai rami.

Baba bai ji jimlar ba. Kalma ɗaya ya tsinta. Da yamma ya kira ni yana wanke wuƙaƙe, bai ɗago ba ya ce, "Ke, mene ne bushe?"

Na ce, "Mahauci."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce, "E, kusan haka."

Ya ce, "To, madalla."

Kusan haka. Da na ƙara kalma huɗu da an wuce wurin. Amma in na fara fassara, sai ya tambaye ni ina kalmar "ƙanena" ta tafi, ni kuwa ba ni da amsar da zan iya ba shi ina kallon idonsa.

Ba su yi gaba irin wadda addini ya hana ba. Suna sallama, suna haɗuwa a suna da jana'iza. Amma Baba bai ƙara karɓar ɗalibai ba, sai Baffa ya koma neman wani mahauci. Ƙafar saniya da yake aika wa gidan Jambutu kowace Juma'a ta daina zuwa. Abin da ya fi ciwo, ya daina ce masa Yaya. A nan wasu kan kira malamin lakkol mushe, daga kalmar girmamawa ta Faransanci. Baba ya ɗauki wannan. "Sannu da zuwa, Mushe." "A gai da gida, Mushe." A bakin kowa girmamawa ce, amma a bakin mahauci kowa ya san mushe shi ne abin da ya mutu ba a yanka ba. Goggo ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baba ya ce, "Ni na san yanka, ban yanke kowa ba. Ya ce mini bushe a gaban yara, na ce masa mushe. An yi daidai." Shi kuwa Baffa amsawa yake yi, "Na'am, ƙanena," kamar ba a yi komai ba.

A ƙarshen wannan zangon ya koya mana cututtukan da jiki ke juya wa kansa, ya ga naman jikinsa ya ɗauka baƙo ne ya far masa. Ya ce, "Wannan ta fi wuyar magani, domin ba daga waje ta zo ba." Bai dubi inda nake ba. Ni ce na kasa ɗaga kai har aka tashi.

Na gama karatu, na sami aiki a Figil, na yi aure. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, kowace shekara ina samun dalili. Gaskiya tsoro ne, ba wani abu ba. Watan da ya wuce na je gaishe shi, yana kwance a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, numfashi na yi masa nauyi. Na ce, "Baffa, ajiyar nan." Ya yi 'yar dariya ya ce, "Tana nan, ba ta ruɓe ba. In kin tashi kai wa mai ita, ki haɗa masa da wannan: ni na yafe muku ku biyun tun kafin a gama binne saniyar." Ban gane me ya sa ya ce ku biyun ba. Na ce zan faɗa da salla. Sallar ba ta same shi ba.

Ranar sadakar uku da safe na sami Baba a bayan gida shi kaɗai, yana gyara ragon da za a dafa wa baƙi. Na durƙusa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, na faɗa masa duka, tun daga dariyar da na yi da 'yan ajinmu har zuwa ƙofar ofis da na rufe. Na faɗa masa jimlar gaba ɗaya, kalma bayan kalma. Na isar da saƙon ƙarshe.

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya ce, "Sake faɗa. Mahauci ya yi me?"

"Ya riga malami gani."

Ya ajiye wuƙar a kan fata, ya zauna a turmi. Na jira ya zage ni ko ya kore ni. Sai ya yi magana kamar da ƙasa yake yi.

"Na riga shi gani, gaskiya ne. Wuƙa tana taɓawa na san abin da ke ciki. Hannuna har ya kai kan kitse zan rufe wurin, in cire ta in jefar kafin likita ya zo. Yaya ya ga hannun. Ni da shi mun san ya gani." Ya share fuska da bayan hannu. "Ni ina zaton tona ni ya yi a gaban yara da yaren da ba na ji. Ashe yabona ya yi. Ashe mu biyu ya rufa wa asiri da kalma ɗaya, muka bar shi da ita shekara bakwai."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi. Ke yarinya ce a lokacin. Ni fa, da furfurata?"

Ya wanke hannu ya fita ƙofar gida inda maza ke zaune, na bi shi har bayan ƙyaure. Liman na shirin ɗaga hannu, Baba ya tsaya a tsakiyar tabarmi ya ce, "Liman, shekaranjiya ka yi tambaya ban amsa ba. Ba ni da abin da zan yafe, domin bai yi mini komai ba. Ni na yi masa. Ku shaida, Yaya ya ce ya yafe mini, saƙon ne ya makara a hanya." Goggo da ke kusa da ni ta damƙe hannuna ta ce, "Kin ji? Ya ce masa Yaya." Ta fashe da kuka, wannan karon babu faɗa.

Da zango ya zagayo, ƙawata ta kira ni tana inda-inda, wai ko Baba zai yarda ta kawo ɗalibai. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na zo. Ya sa sabuwar riga, ya ɗaura farin ƙyalle. Yaran suka yi da'ira da littattafansu, wasu sun toshe hanci. Ƙawata ta buɗe baki za ta gabatar da shi, na ce ta bari. Na matsa na tsaya inda Baffa yake tsayawa, na faɗa da Faransanci, na sake faɗa da Hausa don mai abin ya ji:

"Wannan ƙanen Malam ne. Mahauci ne. Babana ne."

Baba ya gyara tsayuwa, ya gwada kaifin wuƙa a gashin hannunsa, ya ce, "To, su matso. Faɗa musu gani ya kori ji."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mana a nan.